Na'urar tankin gidan Kawu a Jidda: kundin aiki

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Kawu ya ba da izini, ya miƙo riyal 200 na somin-taɓi. Ga wanda bai san gidajen Jidda ba, ruwan teku ne ake tacewa a turo mana, galibi daga Shu'aiba, kuma ba kullum yake zuwa unguwa ba. Shi ya sa kowace imara, wato gidan bene, take da babban tanki a ƙarƙashin ƙasa, da wani a kan rufi, da dinamo mai kai ruwa sama. In layi ya yi jinkiri a kira wayit, wato tankar ruwa. Gidan Kawu hawa uku ne, tankunan sama biyu, ɗaya na iyali ɗaya na 'yan haya, kuma har yau da hannu ake kunna dinamon. Wani ya kunna ya manta, ruwa ya yi ta bin bango. Wani ya kunna alhali tankin ƙasa ya ƙafe. Bara sai da aka sake naɗa dinamon saboda haka.

Abin da zan haɗa: Arduino Nano, ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, awwama uku (abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna cikar tanki) masu makunni a ciki, ɗaya a kowane tanki, ƙaramin rile (makunnin da maganaɗisu ke ja) na bolt 12 da zai kunna dinamo, da bawul mai maganaɗisu na bolt 12 a kan bututun da ya ratse zuwa tankin 'yan haya. Taransisto, wato makunnin lantarki da Arduino ke sarrafawa, guda biyu: BC337 zai ja rilen, TIP120 zai ja bawul.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na sayo kaya a Balad, tsohon garin Jidda, akwatin roba kuma daga kasuwar Harajin Sawarikh. Na gama dalma bayan isha'i. A cikin umarnin na saka sharaɗi guda: ko me awwama ta ce, dinamo ba zai wuce minti 40 yana aiki ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An kafa akwati kusa da dinamo, an ja wayoyi zuwa rufi, kimanin mita 25. Komai ya tashi. Hajiyar Kawu ta leƙo ta ce in dai an daina tashinta da dare a kan ruwa, ta yafe mini duk shayin da na sha mata.

Abin lura ga mai aiki a tsofaffin gidajen nan: wutarsu ta tsohon tsari ce, 127 da 220. Na auna kowace waya da ƙasa, mita ta nuna 127, tsakaninsu kuma 220. Wato duka biyun masu rai ne. Na sa bireka mai yanke waya biyu.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Da asuba ɗan hayan hawa na uku ya buga ƙofa, ruwa na zuba ta tagarsa. Na hau rufi na tarar tankin 'yan haya ya cika yana amai, bawul a buɗe, kwayil ɗinsa ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Arduino kuwa ya riga ya ba da umarnin rufewa, ƙafarsa tana kan sifiri. Na cire TIP120 na ɗora mita tsakanin kwalekta da emita, ƙafafunsa biyu da wuta ke bi, sai ƙara. Ya yi shot, ya zama waya kawai. Daga waje lafiyarsa lau, babu ƙuna, babu wari.

Ba nauyi ne ya kashe shi ba. Kwayil ɗin bawul om 14 ne, yana jan kusan amfiya 0.85, TIP120 kuwa an yi shi ya ɗauki amfiya 5. Lokacin kashewa ne ya ci shi. Kwayil waya ce da aka nannaɗe a kan ƙarfe, muddin wuta na bin ta tana tara ƙarfi a siffar maganaɗisu, kuma ba ta yarda a tsayar da wannan gudun nan take. Duk mai aikin famfo ya san ƙarar da bututu ke yi in aka rufe kan famfo da ƙarfi ruwa na tsakar gudu, ruwan ya rasa hanya sai ya daki bututun. To haka wutar cikin kwayil take yi wa taransisto. Da ya rufe, bolt ɗin da ke kan kwalekta sai ya yi tsalle sama, ya yi ta hawa har sai ya sami inda zai fasa. Joseph Henry ya lura da tartsatsin da doguwar waya ke yi in an cire ta daga batir tun 1832, Lenz ya fitar da ƙa'idar a 1834, kuma da wannan tsallen ne kwayil ɗin mota ke mayar da bolt 12 ya zama dubbai a bakin fulogi.

Lissafin ba shi da wuya: girman kwayil, a ninka da yawan wutar da aka yanke, a raba da lokacin da aka ɗauka ana yankewa. A ƙaddara kwayil ɗin milihenri 50 ne, aka yanke amfiya 0.85 cikin maikirosakan 10, amsa ta haura bolt 4,000. Ba ya kaiwa can, domin kafin nan wani abu ya fashe, kuma abin da ya fi kusa shi ne TIP120 mai iyakar bolt 60.

Ranar da na sayi kayan na nemi diyod ɗin kariya (diyod yana barin wuta ta bi fuska ɗaya kawai), mai shagon ya ce kada in wahalar da kaina, TIP120 da diyod ɗinsa a ciki. Ba ƙarya ya yi ba, akwai shi a zanen takardarsa. Sai dai wancan diyod yana tsakanin kwalekta da emita ne, yana buɗewa ne kawai in kwalekta ta faɗi ƙasa da sifiri. Tsallen kwayil sama yake yi, don haka diyod ɗin na zaune yana kallo aka kashe mai gidansa. Wanda ke da diyod ɗin da ake nufi shi ne ULN2003, shi ma sai an haɗa ƙafarsa ta 9 da layin wuta, kuma iyakarsa rabin amfiya, bai isa bawul ɗin nan ba.

Kawu ya hau rufin da kansa, ya dubi ruwan ya dube ni. "Ya waladi, wannan ne ci gaban?" Na ce, "Kawu ku yi haƙuri, abin rabin riyal ne ya rage." Bai ce komai ba ya sauka. Na rufe bututun 'yan haya da hannu kafin in gyara.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na kai allon da bawul shagon Baba Alhaji mai gyaran talabijin, shi ke da osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar bolt a kan gilashi, a duk waɗanda na sani. Na maye gurbin TIP120 da wani irin taransisto, mosfet IRLZ44N, wanda bolt 5 na Arduino ya isa ya buɗe shi sosai, ba kamar IRFZ44N ba da suka yi kama a suna. Baba ya ce kafin mu sa komai mu fara ganin ɓarawon da idonmu.

Mun gan shi. Duk sanda mosfet ya kashe, layin da ke kan gilashin sai ya miƙe tsaye daga sifiri, ya wuce 12, ya tsaya a wajen bolt 65 kansa a daidaice kamar an yanke da wuƙa, sannan ya faɗo. Baba ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce, "Ɗana, ka ga wannan shafaffen kan? Ba kwayil ne ya gaji ba. Mosfet ɗinka ne ke fashewa a ciki yana haɗiye dukan." Iyakar IRLZ44N bolt 55 ce. An yi shi ya jure irin wannan fashewar zuwa wani gwargwado, shi ya sa mutane da yawa ke haɗa shi babu diyod su ga yana aiki su ce ai ba komai. Ni dai ba zan jingina ruwan gida guda a kan juriyarsa ba, balle in rani ya shigo akwatin ya ɗauki zafi.

Muka ɗaura diyod 1N4007 a gicciye da kwayil, zoben jikinsa yana duban layin ja, wato na bolt 12. Tsallen ya ɓace, layin ya tsaya a ƙasa da bolt 13. Wutar ta sami hanyar zagayawa tsakanin kwayil da diyod har ta mutu. Wasu na cewa 1N4007 ba shi da sauri. Rashin saurinsa wajen rufewa ne, wannan kuwa yana damun mai kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, irin mai rage gudun dinamo. Can sai UF4007 ko 1N5819. Bawul da ke motsi jefi-jefi a yini bai san da wannan ba.

Mun ɗan yi musu a kan inda za a sa shi. Ni na ce a jikin bawul a rufi, inda tsallen ke tasowa. Baba ya ce doguwar waya ita ma kwayil ce, in diyod na can sama, abin da mita 25 ta tara wa zai tare shi? Ya fi ni gaskiya. Na sa biyu, ɗaya sama ɗaya a allo. A ƙofar mosfet, ƙafar da ke karɓar umarni, kuma na sa resisto om 100 a jere, da 10k zuwa ƙasa don kada ta yi lilo lokacin da Arduino ke tashi, da zena 1N4742A, diyod mai datse wuta a bolt 12, tunda ƙofar ba ta ɗaukar abin da ya wuce 16.

Baba ya ƙi karɓar ko halala. Na aika masa da dabino.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Lafiya. Bawul na buɗewa yana rufewa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yanzu kuma rile. Dinamo ya ƙi tsayawa jiya da yamma, fitilar rilen a kashe amma yana ta gudu, har sharaɗin minti 40 bai yi amfani ba tunda ba umarni ne ya ƙi zuwa ba. Da na ƙwanƙwasa rilen da bayan sukudireba sai ya saki. Na fasa murfinsa, bakunan sun yi baƙi, ɗaya da ɗan ƙurji ɗaya da rami.

Dalili biyu ne suka haɗu. An rubuta amfiya 10 a jikin rilen, dinamon doki ɗaya ne yana jan wajen 5, amma lokacin tashi yana jan ninkin haka sau biyar ko shida, kuma a daidai lokacin ne bakunan ke karo suna ɗan tsalle, sai su ɗan narke su manne. Na biyun ya fi ba ni mamaki: diyod ɗin da ke kan kwayil ɗin rilen, wanda tun farko yana nan yana kare BC337, shi ne ke taimaka wa mannewar. Da yake yana barin wuta ta yi ta zagayawa a hankali, maganaɗisun ma a hankali yake mutuwa, hannun rilen sai ya saki a sanyaye, babu fizgar da za ta ɓalle ɗan walda ɗin da ya kama.

Maganin shi ne a bar tsallen ya hau, amma a yi masa iyaka. Na haɗa zena 1N4744A mai bolt 15 a jere da diyod, suna fuskantar juna, a gicciye da kwayil. Yanzu kwalekta na hawa zuwa wajen bolt 28, BC337 kuwa na ɗaukar 45. A osiloskop ɗin Baba sabon rile da diyod kaɗai ya ɗauki kusan milisakan 9 kafin ya saki, da zena ya sauko wajen 3. Har a kunne ana jin bambancin ƙarar. Bawul na bar shi da diyod zalla, jinkirinsa ba ya cutar da kowa.

Rilen kuma na sauke masa kayan da ba nasa ba. Na sayo kontakta, wato babban rile, mai kwayil ɗin 220, ita za ta riƙa ɗaukar dinamo, rile ya kunna ta kawai.

Laraba, 4 ga Disamba

Tun da kontakta ta shigo Arduino ya fara rikicewa. Ba kowane lokaci ba, amma sau da yawa in ta saki sai ya mutu ya sake tashi, wani lokaci ya daskare. Kwayil ɗin kontakta ya fi na rile girma nesa ba kusa ba, kuma ba a sa masa diyod, domin wutar gida tana juya fuska sau 60 a daƙiƙa a nan ƙasar, diyod zai zama shot a rabin kowane zagaye. Tartsatsin da ke tashi a bakin rile yana watsa hayaniya, wayoyin da ke kusa su kwasa.

Na sa abin da aka saba, resisto om 100 a jere da kafasito 0.1 na ajin X2, a gicciye da bakin rile. Dole ya zama X2, wanda aka yi don layin wutar gida, ba kowane kafasito mai 400 a jiki ba. Na raba wayoyin 220 da na awwama, da suna tafiya a ɗaure wuri guda. Na ƙara kafasito 0.1 dab da ƙafar wutar Arduino. A mashigar wuta na sa fis, bayansa baristo 14D431K mai haɗiye tsallen wuta, wanda ke zaune shiru har zuwa bolt 275 na wutar gida. Fis ɗin ba ado ba ne: baristo na tsufa da kowane duka, ƙarshensa shot, in ba fis a gabansa gobara ce. A layin 12 kuma diyod ɗin TVS P6KE18A, mai datse tsalle a wajen bolt 25.

Juma'a, 6 ga Disamba

Rikicewa ta tafi, amma kontakta ta koyi gurnani a kashe, wani lokaci ma sai ta yi jim kafin ta saki. Na zauna da biro. Kafasito 0.1 a wuta mai juyi 60 tamkar om 26,500 ne, a kan 220 yana barin sama da miliamfiya 8 suna zurarewa ko da rile a buɗe. Bai isa ya ja kontakta ba, amma ya isa ya riƙe mata ƙafa. Na cire shi daga bakin rile na mayar kan A1 da A2, ƙafafun kwayil ɗin kontaktar. Shiru.

Asabar, 14 ga Disamba

Ba labari. Na ɗaure wayoyi, na rubuta suna a kan kowace.

Lahadi, 22 ga Disamba

Lissafi zuwa yau, da riyal: Arduino 25, akwati 30, awwama uku 60, bawul 55, abin sauke wuta zuwa 12 da 5 35, rile da taransistoci da tarkacensu 22, kontakta 60, bireka 28, baristo da fis da X2 15, waya 65. Jimla 395. Kawu ya cika ragowar, ya ce khalas, kada in sake zuwa masa da lissafi.

Abin da ya rage shi ne wayoyin awwamar rufi, har yanzu kai tsaye suke shiga ƙafafun D2 da D3 na Arduino. Na yi odar PC817, mai tsallakar da sigina ta haske ba ta waya ba, da TVS masu fuska biyu ta intanet, ban same su a shagunan da na zaga ba. An ce sai bayan sabuwar shekara.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Ruwan sama mai ƙarfi da tsawa. Kayan ba su iso ba.

Talata, 7 ga Janairu

Na buɗe akwati da safe. Fis lafiya, baristo lafiya, mosfet da BC337 lafiya, duk ƙofar da aka sa wa mai gadi ta tsira. D2 ce ta tafi. Ko an cire wayar awwama tana karanta sifiri, mita ta nuna 'yan om kaɗan tsakaninta da ƙasa. A tsarina sifiri na nufin tanki ya ƙafe, don haka dinamo ya tashi cikin ruwan saman ya yi ta turawa har minti 40 suka cika umarni ya yanke shi. Tankin iyali ya yi ambaliya, amma da yake duk Jidda ambaliya take yi ba wanda ya lura.

Aradu ba ta faɗo wa gidan ba, da ta faɗo da ba wannan labarin nake rubutawa ba. Walƙiya ko a nesa tana sauke dubban amfiya cikin 'yan maikirosakan, maganaɗisun da ke tattare da ita yana ratsa duk wani zoben waya da ke kusa ya haifar da bolt a ciki. Wayoyin awwama biyu ne a sake, kowace ta bi hanyarta a jikin bango, tsakaninsu fili mai faɗi na tsawon hawa uku. Ƙafar ATmega328P, ƙwaƙwalwar Arduino, kuwa iyakarta rabin bolt a kan wutar da ake ba shi. Ƙananan diyod ɗin da ke cikinsa na tsayayyar wutar jikin mutum ne, ba su iya da wannan ba.

Hajiya ta ce, "Ɗan nan, ko dai a koma kunnawa da hannu?" Na ce, "Hajiya a ba ni zuwa Asabar."

Asabar, 11 ga Janairu

Kaya sun iso Alhamis. Na zare tsofaffin wayoyin na sa wayar intanet mai murɗaɗɗun tagwaye, kowace awwama da tagwayenta, a cikin bututun ƙarfe. Murɗin yana rage filin da ke tsakanin wayoyin biyu, abin da wannan murɗi ya kwasa na gaba ya soke shi. A bakin akwati kowace waya ta fara ratsa resisto om 100, sai P6KE6.8CA a tsakaninsu, sannan fitilar cikin PC817. Daga nan haske ne kawai ke tsallakawa zuwa Arduino, kuma katangar da ke tsakani an gwada ta a bolt 5,000.

Wani abu da zane-zane da yawa ke tsallakewa: in bangarorin PC817 biyu suna cin wuta daga tushe ɗaya, ƙasarsu ɗaya, katangar ta zama ta banza, tsallen zai zagaya ta baya. Na ba bangaren awwama tsohuwar cajar waya ta bolt 5 shi kaɗai, ba ta taɓa komai na Arduino. Resistocin om 100 guda biyu da ƙarin 120 sun ba fitilar wajen miliamfiya 12.

Sabon Arduino 25, PC817 da TVS 18, waya 40, bututu 35. Jimla ta koma 513. Wannan daga aljihuna.

Asabar, 18 ga Janairu

Dinamo da bawul na aiki, Arduino bai sake tashi da kansa ba. Na ƙara masa ƙidayar sau nawa ya tashi, yana ajiyewa, don kada in dogara da abin da ido ya gani.

Saura uku. Zan sa ƙararrawa da za ta yi kuka in sharaɗin minti 40 ya yanke dinamo, kuma ya ƙi sake tashi sai an danna maɓalli. Zan buɗe wa akwatin tagogin iska kafin Mayu, in sake auna zafin mosfet da baristo a tsakar rana. Na ukun shi ne babba: mai kare tsawa na aji na 2 a babban allon wutar gidan, domin baristo mai faɗin milimita 14 ba zai tare abin da ya shigo ta layin waje da gaske ba. Shi kuma ba ya aiki sai da wayar ƙasa ta ƙwarai, gidan nan kuwa abin da na gani ɗan ƙarfe ne da tsatsa ta cinye a bayan mita. Sai an kira mai lasisi ya kafa sabon sanda ya auna. Baba Alhaji ya ce zai raka ni wurin Kawu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tunda sa'o'in juna ne, lissafin zai fi shiga daga bakinsa.